Godiya ga dattawan Jos da suka fito gwajin furosteti

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya da muka duba dattawa kan matsalar fitsari ranar Asabar da ta gabata muna godiya ga duk wanda ya sa hannu: limaman Unguwar Rogo, Rikkos da Gangare da suka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, masu unguwanni, da samarin da suka jera kujeru tun da asuba cikin wannan hunturu. Iyayenmu mata da kuka matsa wa mazajenku har suka fito, Allah ya saka da alheri.

Babbar godiya taku ce, iyayenmu maza. Kun ajiye kunya kun faɗi abin da ke damunku, har gwajin yatsa ta dubura kuka yarda aka yi. Ga abin da muka bayyana a wurin, don a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Furosteti wani ɗan nama ne kamar goro, a ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye hanyar fitsari. Yana girma da shekaru, ya matse hanyar. Shi ya sa fitsari ke fita ba ƙarfi, sai an yi yunƙuri, a gama a ji da saura, a yi ta tashi cikin dare. Kusan rabin maza masu shekara 60 suna da wannan kumburi. Ba ciwon daji (kansa) ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama kansa, amma mutum ɗaya na iya samun duka biyun, dalilin gwajin jini na PSA ke nan, wanda ke taimakawa wajen gano kansar furosteti.

An fi tambayar mu kan ɗigon da ke ɓata alwala. In an gama, a dakata kaɗan a sake gwadawa, sannan a danna da yatsa daga bayan maraina a turo gaba, kafin a yi tsarki. A rage ruwa da shayi awa 2 kafin kwanciya, amma kada a ƙi sha da rana.

A magungunan wannan kumburi, wanda likita ya rubuta wa tamsulosin 0.4mg, ƙwaya ɗaya ce a rana. Tana iya sa jiri, don haka a zauna bakin gado tukuna kafin a miƙe. Finasteride 5mg kuwa sai haƙuri, takan kai wata 6 kafin a ga amfaninta, kuma tana rage sakamakon PSA da kusan rabi, to a gaya wa likita ana shan ta. Mai juna biyu kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe.

Abin da ya fi tayar mana da hankali a sanyin Jos shi ne maganin mura na kemis. Wanda ke da pseudoephedrine ko chlorpheniramine na iya ɗaure fitsarin mai wannan kumburi gaba ɗaya. Idan mara ta cika tana ciwo, fitsari ya ƙi fita, Baba, ba a jiran gari ya waye, ba kuma lokacin jiƙo ba ne. A tafi asibiti a saka roba a zuƙe. Haka in an ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da raɗaɗi. Fitsarin da ya daɗe yana taruwa ƙoda yake lalatawa.

Waɗanda aka ba takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a tafi da ita tare da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya.