Kwana Biyu da Kyanwarmu Ta Yi a Kan Dogon Yaro

A ƙofar gidanmu da ke unguwar Runjin Sambo a Sakkwato akwai wani tsohon dogon yaro da muka tarar tun lokacin da muka tare a gidan, kuma a ƙarƙashinsa nake shimfiɗa tabarma bayan La'asar a lokacin bazara, domin yana riƙe ganyensa ko da sauran itatuwa sun kaɗe nasu. A kan wannan bishiya ce kyanwarmu ta kwana biyu a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 da tsakar rana, kuma abin da na gani a waɗannan kwanaki ya gyara mini abubuwa da yawa da nake zaton na sani game da wannan dabba.

Kyanwar ba ta da wani suna sai Mussa, kamar yadda mutanen ƙasarmu ke kiran kowace mage. Ɗiyata ta biyu, mai shekara 11, ita ce ta tsinto ta tana 'yar mitsitsiya a bayan rumfar wani mai shayi, ta rene ta da hannunta har ta kai shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma tun da ta tasa ba mu ƙara jin motsin ɓera a ɗakin da muke ajiye gero ba. Ranar Alhamis da yamma wasu karnuka biyu da ke bin bayan mafarauta suka gan ta a bakin ƙofa, suka yi kanta, ita kuwa ta dare bishiyar cikin ƙiftawar ido, ta tsaya a wani reshe da bai wuce tsayin katangar gidan da yawa ba. Da a ce mun ƙyale ta a nan, mun bari karnukan sun yi nisa kuma hankalinta ya kwanta, ina kyautata zaton da kafin Isha'i ta dawo ƙasa.

Ba mu ƙyale ta ba. Ɗiyata ta fashe da kuka, yaran unguwa suka taru, kowa yana kiran "mus, mus" da iyakar muryarsa, wani yana girgiza reshen da hannunsa ya kai, wani kuma yana jifa da ƙananan duwatsu wai don ta tsorata ta diro. Ni kaina na sa aka ɗauko doguwar gorar da ake kaɗo mangwaro da ita, na miƙa ta sama da nufin in zunguro ta a hankali, kuma wannan ne kuskure mafi girma da aka yi a ranar, domin daga lokacin da bakin gorar ya taɓa reshen sai ta ƙara hayewa sama, ta sake hayewa, har ta lafe a wata gwafa da ta kai tsayin bene mai hawa biyu. Dabbar da ta gudu sama saboda tsoro ba ta da abin da za ta yi idan aka ƙara mata tsoro sai ta ƙara yin sama, kuma taronmu da hayaniyarmu, a ganinta, ba su da bambanci da karnukan da suka koro ta.

Na aika aka aro tsani wurin wani magini, amma da aka jingina shi sai muka ga bai kai rabin inda take ba, ga kuma wayar lantarki da ta ratsa ta gefen rassan da ke kallon hanya. Wani saurayi ya tuɓe takalmi ya ce zai hau, na hana shi. Har yanzu ina ganin hana shi da na yi daidai ne, domin rassan sama sirara ne, kuma ko da ya isa wurinta, mage mai firgici tana yakushi da cizo ko da mai ita ne ya kama ta, ballantana baƙo da ke riƙe da reshe da hannu ɗaya a kusa da wuta.

Dattijon da ke maƙwabtaka da mu, wanda duk unguwa ke kira Alhaji, yana zaune yana kallonmu, sai ya ce mini: "Malam, ƙyale ta. Wadda tah hau da ƙahwatta, da ƙahwatta za ta sabko in yunwa tac ci ta." Maganarsa tana da gaskiya ta gefe guda, domin da mun bi ta tun farko da abin bai kai haka ba, kuma yawancin maguna sukan sauko da kansu idan aka ba su wuri. Na karɓi shawarar, muka watse, na ajiye ɗan tuwo da miya a gindin bishiyar. Da safe na tarar kaji sun cinye tuwon, ita kuwa tana nan inda muka bar ta, kuma duk daren mun ji kukanta yana shigowa ta taga.

Ranar Juma'a ce ta tayar mini da hankali. Da muka dawo daga masallaci, rana ta take, na ɗaga kai na hango ta baki buɗe tana haki kamar kare, muryarta kuma ta dushe. Nan na kira ɗan yayata, wanda ya karanta likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na kwashe labarin na faɗa masa. Ya ce: "Kawu, don Allah kada ka hau, kada kuma a ƙara zungurar ta. Ba ƙin saukowa take yi ba, ba ta san yadda za ta yi ba ne." Sannan ya yi mini bayanin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansa ba, ko da yake na shekara ina ganin akaifun kyanwar nan. Akaifun mage a lanƙwashe suke kamar ƙugiya, bakinsu yana kallon baya, saboda haka idan tana hawa suna nutsewa cikin ɓawon itace su ɗauki nauyinta, amma idan ta juyo da kai ƙasa sai su zama ba su riƙe komai ba. Hanyar da za ta sauko lafiya ita ce ta juya baya, wutsiya ta riga kai zuwa ƙasa, kamar yadda mutum ke saukowa daga tsani, alhali ita ɗabi'arta ce ta sa kai gaba ta ga inda za ta taka. Magen da ta tashi a cikin gida, kamar tamu, sau da yawa ba ta taɓa koyon wannan ba. Da na sake duban ta sai na gane abin da take yi tun jiya: ta miƙo ƙafafun gaba ƙasa, ta ji suna zamewa, ta ja baya ta yi kuka.

Ya ƙara da cewa a nan ne maganar jiran yunwa take da iyaka. Mage ba ta yin gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafafunta, kuma hakin da na gani alama ce ta cewa zafi ya fara cin ƙarfinta. Ƙishirwa ce za ta riga yunwa yi mata illa, kuma idan ta galabaita ƙarfin riƙe reshen ma zai ragu. Ko rashin cin abinci na kwanaki da yawa a jere yana iya taɓa hantar mage. Batun cewa mage kullum a kan ƙafafunta take dira kuwa, ya ce gaskiya ne tana juya jikinta a cikin iska, amma hakan bai hana ta karya ƙafa ko muƙamuƙi idan ta faɗo daga nesa a kan ƙasa mai tauri. A lokacin ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, ya faɗo mini a rai. Ba mu ne muka tsare ta ba, amma mu ne muka kora ta zuwa inda ba ta iya fita, kuma na ji cewa haƙƙinta yana wuyana.

Abu na farko da muka yi shi ne kai mata ruwa. Na ɗaura ɗan dutse a bakin siririyar igiya, na koma gefen da babu wayar lantarki, na yi ta jefawa har sau da dama kafin igiyar ta haye wani reshe da ke ƙasa da ita kaɗan. Muka ɗaura ƙaramin kwando, muka sa robar ruwa a ciki, muka ja shi sama sannu a hankali har ya tsaya kusa da ita, muka ɗaure igiyar a gindin bishiyar, muka shige gida. Ta fi sa'a ɗaya ba ta kula shi ba. Daga baya ɗiyata, wadda ke leƙe ta taga, ta zo ta raɗa mini: "Baba, tana sha." Na so a ce ta shiga kwandon mu sauke ta a cikinsa, domin an ce wasu maguna sukan yi haka, amma tamu ta sha ruwan ta koma gwafarta.

Abu na biyu ya fi wuya, domin ya shafi mutane. Na bi gidajen maƙwabta na roƙi iyaye su hana yara zuwa gindin bishiyar daga Magariba har wayewar gari, kuma Alhaji da kansa ya ɗauko kujerarsa ya zauna a bakin lungu yana mayar da duk yaron da ya doso. Ban taɓa tunanin cewa shirun da za a sama wa dabba aiki ne da sai an nemi taimakon unguwa a kansa ba.

Na uku kuwa shi ne yi mata hanya. Daga gwafar da take zuwa babban reshen ƙasa akwai rassa a karkace da za ta iya bi, amma daga nan zuwa ƙasa gangar bishiyar a miƙe take sak, kuma wannan ne wurin da ya fi ba ta tsoro. Magini ya ba mu dogon katako mai faɗi, muka naɗe shi da tsoffin buhunan algarara, muka ɗaure su tam da igiya domin akaifunta su sami abin kamawa, sannan muka ɗora kansa ɗaya a kan babban reshen, ɗayan kuma a kan katangar gida, ya zama gangara mai sauƙi. A ƙarƙashinsa muka shimfiɗa tsohuwar katifa. Maimakon tuwo, wannan karon na sayo gwangwanin kifin sardin, domin ƙamshi ne ke kiran mage, na shafa man a jikin buhun daga sama zuwa ƙasa, na ajiye sauran a kan katanga inda kaji ba za su kai ba.

Bayan Magariba ɗiyata ta zauna ita kaɗai a kan katangar, tana ƙwanƙwasa kwanon da take zuba mata abinci da cokali kamar yadda ta saba yi kullum, tana kiran ta da ƙaramar murya. Mussa ta sauko reshe ɗaya, ta sauko na biyu, sai wani mai babur ya wuce da ƙara, ta koma ta lafe. Raina ya so in hau tsani in cafko ta tunda ta matso, amma na tuna gorar ranar Alhamis, na haƙura. Muka bar kifin muka kwanta.

Da na fito sallar Asuba ranar Asabar, gari shiru, iska ta ɗan yi sanyi, na tarar da ita a kan babban reshen. Na tashi ɗiyata, ta koma wurinta na jiya, ni kuma na tsaya nesa a cikin zaure. Mage dabba ce da ta fi kuzari da ƙarfin hali a goshin asuba da faɗuwar rana, kuma hakan muka gani. Ta daɗe tana shinshina bakin katakon, ta taka shi da ƙafa ɗaya ta janye, ta sake takawa. Daga nan ta juya jikinta gefe, ta ƙanƙame buhun, ta fara jan jiki da baya-baya, tana tsayawa tana waiwayen ƙasa bayan kowane taku biyu ko uku. Da ta zo tsakiya ta zame kaɗan, ɗiyata ta miƙe tsaye, na yi mata alama da hannu ta zauna. Da ya rage kamar kamu uku ta juyo ta diro kan katangar, ba ta ko kalli kifin ba, ta tura kanta cikin hijabin yarinyar.

Ni ne na miƙa hannu na karɓo ta daga kan katanga, kuma ta yakushe ni a bayan hannu, domin firgicin bai gama sakin ta ba. Da na naɗe ta a cikin zane ko tawul kafin in ɗauke ta da hakan bai faru ba. Na wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 kamar yadda ɗan yayata ya umarce ni, na kuma je aka duba mini shi a ranar. Ita kuwa mun sa ta a ɗaki mai sanyi, muka ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, sannan abinci ɗan kaɗan, ba mu bari ta cika ciki lokaci guda ba. Maiɗakina ta ga tana ɗingisa ƙafar baya ta ce ko a jiƙa mata rabin farasitamol, sai ɗan yayata ya ce ko kusa, domin wannan maganin guba ne ga mage kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ya hana mu ba ta madara ma, saboda tana sa yawancin manyan maguna zawo, wanda zai ƙara mata rashin ruwa a jiki.

Ranar Litinin muka kai ta asibitin dabbobi, aka tarar akaifa ɗaya ta tsage amma babu karaya, aka kuma yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ya kamata a ce mun yi mata tun tana wata 3. Katakon kuwa na biya magini kuɗinsa na bar shi a inda yake. Mako biyu bayan haka na gan ta ta hau babban reshen da yamma tana fakon tsuntsaye, kuma da aka kira sallar Magariba ta bi ta kan buhunan ta sauko da baya-baya ba tare da kowa ya kira ta ba.