Abun da zanen Kusko ya koya min

A kwas ɗin tarihin zane da muka yi akwai sashen zanen coci na zamanin mulkin mallakar Sifaniyawa a Peru, musamman na garin Kusko, kuma gaskiya shi ne ya canza min yanda nake kallon hoto. Malaminmu in ya haska zanen waliyyi da dabbobin daji zagaye da shi, baya barin mu tsaya kan fuskar waliyyin, cewa yake ku bar tsakiya ku duba gefe.

Dalili kuwa, masu zanen nan da yawansu 'yan ƙasa ne, jikokin Inka, masu mulkin yankin kafin zuwan Sifaniyawa, kuma kwafa ake basu su yi. Ana kawo hotunan da aka buga a birnin Antwerp na Turai, baƙi da fari a takarda, limamin coci ya ce ga shi nan a mayar da shi babba a yadi. To tsayuwar waliyyi da rigarsa da yanda ya ɗaga hannu duk an riga an yanke, ba mai taɓawa. Amma kala fa? Takardar ba ta da kala. Bishiyoyi, furanni, tsuntsaye, nan ne mai zane yake da sarari. Diego Quispe Tito, ɗaya daga cikin masu zanen nan wanda aka haifa 1611, in ka ga dajin da ke zanensa cike yake da tsuntsaye masu ja da shuɗi, irin su aku, waɗanda Waliyyi Faransis na Assisi, da ake cewa ya yi wa tsuntsaye wa'azi, ya kuma rasu tun 1226 a Italiya, bai taɓa yi wa wa'azi ba.

Zakin da ake zanawa a gefen Waliyyi Jerom ne ya fi bani dariya wlh, babu zaki a tsaunukan Andes sai puma, wata babbar kyanwar daji, mutum ya zana abun da bai taɓa gani ba daga kwafin wani, sai ka ga zaki da fuska kamar ta dattijon da aka hana bashi.

Tun daga nan in aka bani zane a asayimen nakan raba tambaya biyu, me aka umarci mai zanen ya yi, me kuma ya ƙara da kansa. Wasu a ajinmu suna cewa tsuntsayen nan tawaye ne a ɓoye. Ni ban yarda duka ba, wani lokacin ado ne kawai da masu saye ke so, don har Santiago ta Chile aka riƙa kai zanen Kusko, jerin rayuwar Faransis guda 54 suna can a gidan tarihin cocin San Francisco har yau.