Kowane sauti da layinsa

Jiya a wani situdiyo da ke Zoo Road a Kano na tarar da wani yaro yana haɗa kiɗan biki a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Kalangu, ganga, fiyano, duk ya tura su kai tsaye cikin masta, wato babban layin da duk sauti ke haɗuwa a kai, sun cunkushe kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah. Na ce, ƙanena, ka ba kowanne layinsa a mikisa, wurin da ake daidaita sautuka.

Muka rage kaurin sautin fiyano da EQ, abin da ke rage ko ƙara wani sashe na sauti, ganga ta fito fili. Amsa-kuwwa kuma layi ɗaya muka buɗe mata, kowane sauti ya aika gwargwadonsa. Kalangun nan da wayar hannu aka naɗi sautinsa, amma da kwamfiresa, mai daidaita ƙarfin sauti, ta biyo bayan EQ, wallahi kowane bugu ya fito tas.

Sunayen fayilolinsa kuwa, "sabo", "sabo2", "sabon gaske", sai wani zaman.