Darussan da na koya game da gutsuttsurewar gonaki

Matsala biyu ce ake yawan haɗawa a kira ta da suna ɗaya. Akwai ƙanƙancewa, inda hekta huɗun uba ke komawa rabin hekta a hannun kowane magaji. Akwai kuma warwatsuwa, inda mutum ɗaya ke da hekta biyu amma a gutsure biyar, wannan gabas, wancan yamma. Ƙanƙancewa ruwan dare ce: a cikin gonaki kimanin miliyan 570 da aka ƙiyasta a duniya a 2016, wajen kashi 84 cikin ɗari ba su kai hekta biyu ba. Tun 1962 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya lura a bayanan Indiya cewa ƙaramar gona kan fi babba yawan amfani a kowace eka, don iyali na zuba mata aiki ba ƙaƙƙautawa. Abin da ƙanƙancewa ke ragewa shi ne jimillar abin da zai shiga rumbu. Warwatsuwa kuwa ita ke cin amfanin kowace hekta, kuma a ɓoye take cinsa.

A fara da iyaka, tunda ita ce ake iya lissafawa da alƙalami. Hekta ɗaya mai kusurwa huɗu, mita 100 kowane gefe, kewayenta mita 400 ne. Idan aka bar rabin mita a bakin iyaka ba a shuka ba, an yi asarar murabba'in mita kusan 200, wato kashi 2 cikin ɗari. Raba ta gida huɗu, mita 50 sau 50, kewaye ya zama mita 800, asara ta ninka. Yanka ta tsiri-tsiri gida goma, faɗi mita 10 tsawo mita 100, kamar yadda magada kan yi don kowa ya taɓa bakin hanya ko bakin rafi: kewaye ya kai mita 2,200, fiye da kashi 10 cikin ɗari ya tafi. Wannan bakin iyakar kuma shi ne maɓoyar ciyawa da ɓeraye da ƙwari. Ka yi feshi, maƙwabcinka bai yi ba, ba da jimawa ba ƙwarin sun dawo maka. Shi ya sa siffar gutsure ta fi yawansu muhimmanci a wurin mai awo.

Sai tafiya. Gonar da ke nisan kilomita biyu na cin wajen awa ɗaya zuwa da dawowa a ƙafa. Zuwa arba'in a damina ɗaya awa arba'in ke nan, aikin kwana biyar cur ya ƙare a hanya. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne jere. Ruwan shuka ya sauka, ba yadda za a yi mutum ya shuka gona biyar rana ɗaya, sai ta nesa ta jira. Noman farko ma ta jira, alhali makonni huɗu zuwa shida na farko ne masara ke shan wuya a hannun ciyawa. Takin dabbobi kuwa nauyi gare shi, don haka gonar kusa da gida ce ke shansa shekara da shekaru, ta nesa tana ta ramewa har ƙuduji ya mamaye ta. Manomi sai ya ce ƙasar can ba ta da kyau, alhali ƙafarsa ce ba ta kai mata.

Injin ma ba ya son gutsure. Kunyar mita 30 na sa tarakta ta yi ta juyi a bakin gona, mai na ƙonewa, ƙasar wurin juyin na dannewa, shi ya sa mai haya ke guje wa irin wannan aikin. 

Duk da haka, wanda ya ce a haɗe komai wuri ɗaya bai san noma ba. Gutsure a fadama da wani a tudu inshora ce: shekarar fari fadama ta ciyar da gida, shekarar ambaliya tudu ya tsira. Ƙanƙara da tsutsa ba su cika kama gonaki masu nisa da juna lokaci guda ba. Warwatsuwar da ba ta da amfani ita ce ta gutsure uku masu ƙasa iri ɗaya da ruwa iri ɗaya, ba abin da ya raba su sai nisa. Waɗannan ya kamata a fara musanyawa da maƙwabta.

Musayar kuma da darajar ƙasa ake yinta. Dokar haɗe gonaki ta Jamus ta 1953 a kan haka ta tsaya: a kimanta ƙasar kowa, a mayar masa da mai daraja daidai da tasa. Idan aka auna da igiya kaɗai, mai laka zai karɓi yashi, rigima ta tashi. Ruwanda daga 2008 ta bi wata hanya: kowa na riƙe da filinsa, amma maƙwabta su shuka abu ɗaya a jere don sauƙin taki da iri, sai dai manomi ya rasa 'yancin gauraya shuka. A Kenya an haɗe gonaki ƙarƙashin shirin Swynnerton na 1954, wato shirin gyaran noma na gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya, rabon gado ya sake tsattsaga da yawansu, don ba a tanadi yadda magada za su noma tare, ko ɗaya ya biya sauran haya ya riƙe filin a dunƙule ba.