Idan Hannun Jan Fim na Canon AE-1 Ya Cije

Kyamarar Canon AE-1, wadda aka fara fitarwa a Japan a 1976, tana da wata matsala da ke tayar wa masu ita hankali: sai a tura hannun jan fim da babban yatsa a ji ya cije, a danna maɓallin ɗauka kuma ya ƙi motsi. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa wani haƙori ne ya karye a ciki, sai su sa ƙarfi, alhali sa ƙarfin ne kan jawo ɓarnar da babu ita tun farko.

Abin lura shi ne, hannun ba zai sake tafiya ba muddin labulen da ke buɗe wa haske hanya bai saki ba, kuma a wannan kyamara labulen ba ya saki sai da wuta. A nan ta bambanta da kyamarar Pentax K1000, wadda batirinta na auna haske ne kawai. Don haka kafin komai a duba ɗan makullin da ke jikin maɓallin ɗauka, domin idan yana kan L a kulle yake, sai an mayar da shi kan A. A kuma tabbata ba fim ɗin ne ya ƙare ba.

Sai batir. AE-1 tana amfani da mai bolt 6, wato 4LR44 ko PX28, wanda ke zaune a gaba kusa da gilashin ɗauka. A buɗe murfinsa a hankali, domin roba ce da ta tsufa, tana saurin tsagewa. A sa sabo, a goge ƙarafunan da yake taɓawa idan sun yi tsatsa ko farin gari.

Idan duk da haka shiru, a ganina mayen ƙarfen da ke ƙarƙashin kyamarar ne ya fi cancanta a zarga. Aikinsa ya riƙe wani ɗan ƙarfe, ya sake shi idan wuta ta ratsa, amma shekaru kusan hamsin na maiƙo da ƙura kan sa su manne da juna. Ana kwance faifan ƙasa da ƙaramar sukudireba, a jiƙa siririyar takarda da sifirit mai tsabta, a goge fuskokin biyu da ke haɗuwa, a bari su bushe sarai. Sau da yawa nan take za a ji ƙarar sakin labule, hannun kuma ya warware.

Ina roƙon kada a fesa WD-40, wato man feshi na sassauta ƙarfen da ya cije, ko a ɗiga man keken ɗinki a ciki, domin mai yana bin ƙarfe har ya kai ga labulen yadi ya ɓata shi. Idan an goge mayen ƙarfen bai amsa ba, matsalar ta koma ga wayoyi ko allon lantarki, wannan kuwa aikin mai gyaran kyamara ne da ke da na'urar gwaji.