Yini ɗaya bai ishi Chengde ba

Kuskurena tun daga farko shi ne ware wa wurin yini ɗaya tak. Na baro Beijing da sassafe a jirgin ƙasa mai gudu, cikin kamar awa ɗaya na sauka Chengde a lardin Hebei, a zatona kafin la'asar na gama. Ashe katangar da ta kewaye tsohuwar fadar hutun sarakunan China da na je gani, ita kaɗai ta kai kilomita 10, kuma galibin abin da ke cikinta tsaunuka ne da daji.

Sarki Kangxi ne ya fara ginin a 1703, jikansa Qianlong ya kammala a 1792. Nan sarakunan daular Qing ke zuwa gudun zafin Beijing. Na shiga ina sa ran ganin zinariya ko'ina, sai na tarar da babban zauren fadar na katakon nanmu ne zalla, ba fenti, rufinsa ruwan toka. Na daɗe a bakin ƙofar ina kallon jijiyoyin itacen, wallahi ya fi mini kyau a kan duk wani ado. Daga nan na bi gefen tafkuna, na wuce barewa suna kiwo ba sa ko ɗaga kai, har na fita fili mai ciyawa inda Qianlong ya karɓi jakadan Ingila, Macartney, cikin tanti a 1793.

Sai da ƙafafuna suka yi nauyi sannan na nufi wuraren ibadar da ke wajen katanga, waɗanda tikitinsu daban ne. Da na ɗaga kai na ga jan ginin Putuo Zongcheng a jikin tsauni, wanda aka gama a 1771 bisa siffar fadar Potala ta Lhasa, babban birnin Tibet, sai na gane ba hutu kaɗai ke kawo sarakunan nan ba. Shugabannin Mongol da na Tibet ake tarba a wurin, a nuna musu ginin addininsu a ƙofar sarki don su saki jiki da mulkinsa. Matakalar ta ba ni wuya sosai, na huta sau uku kafin in kai sama.

Wurin ibada na Puning, inda mutum-mutumin katako mai tsayin mita 22 yake, ban kai gare shi ba. Lokacin jirgina ya matso. In Allah ya sa na koma, kwana biyu zan yi, da guzurina a jaka, kuma da hawan tsaunin zan fara tun da sanyin safiya.