Na je Landan neman sunan kakana

Kwana huɗu da dawowata, har yanzu sanyin Landan bai fita daga gwiwata ba. Abin da ya kai ni minda ce, wato lambar yabon soja kamar yadda mazan jiya ke kiranta. Shekara bakwai ke nan ina tara su, tun ranar da na tsinci ta kakana a ƙasan adakar Hajiya: tauraro mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe shuɗi da ruwan goro. Tauraron Burma ke nan, na yaƙin duniya na biyu, ko "Bama" a bakin tsoho.

A filin jirgi wani jami'i ya zazzage jakata, ya ɗaga mindar da yatsa biyu kamar ya kama ɓera, ya ce ina na samo. Na ce sarkinku ne ya bai wa kakana. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Masaukina wani Bahaushen zangon Kumasi ne, direban bas. Ya sauke ni a falonsa mako guda, ko sisi ya ƙi karɓa, kullum sai "Malam, ci mana, nan ba a tayi sau biyu." Da ya ga mindar ya yi shiru, ashe nasa kakan ma ya je Bama, a runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, masu tambarin baƙin gizo-gizo. Nawa yana ta 82, masu gammo da mashi biyu a gicciye. Muka raba dare muna lissafa barikokin da suka ci sunan wancan dajin: Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas. Kullum muna wucewa ta gabansu, wa ya taɓa tambayar ma'anarsu?

Ranar Asabar muka shiga kasuwar Portobello. Kurmi ce ta Turawa, sai dai ba mai jan rigarka. A wata rumfa na ga irin tauraron kakana zube cikin faranti, fam 25 kowanne. Raina ya ɓaci, ƙarfen da Hajiya ta naɗe a tsumma uku! Mai rumfar, wani dattijo mai gilashi, ya juya mini bayansa ya ce duba, ba suna. Lambobin yaƙin duniya na biyu haka Ingila ta raba su, fayau, shi ya sa ba su da tsada. Na yaƙin farko kuwa an buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa a jikin kowace. Sunan ake saya, in ji shi.

Sai ya ciro wata ta azurfa ta yaƙin 1914 zuwa 1918, ya miƙo mini tabarau. Na karanta sunan wani farabiti na rundunar Najeriya, sunan yanka haɗe da na garinsu, yadda ake rubuta sojan lokacin: wane Bauci, wane Katsina. Wataƙila ya ga Garwa ko dutsen Mora a yaƙin Kamaru, wataƙila har Gabashin Afirka aka kai shi. Ya ce fam 90. Na taya 50, ya dube ni kamar na zage shi. Su ba su san ciniki hira ba ne. Da na ba shi labarin kakana ya sallama a 70, ya ƙara mini sabon ƙyalle kyauta. Da tsada, amma na tuna buhunan irinta da 'yan gwangwan suka auna a kilo a gida, sai na biya.

Talata na tafi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew. Katin shiga kyauta ne, takarda kuma kafin ka gama shan shayi an kawo ta, ba "dawo gobe, mai makulli ya fita." Shayin ne dai fam uku, ruwan bunu. Katin mai mindar azurfa na same shi cikin jerin WO 372, layi biyu kacal. Na koma kan kundin yaƙi na WO 172 ina bin runduna ta 82 zuwa Myohaung a Janairun 1945. Kwana biyu ina buɗe shafuka. A waɗanda na karanta, hafsan Bature ko zazzaɓi ya yi an rubuta sunansa, namu kuwa adadi ne: Afirkawa kaza sun mutu, kaza sun ji rauni. Kakana yana cikin wani "kaza", ban gane wanne ba.

Na leƙa gidan tarihin yaƙi na Lambeth, mai manyan igwa biyu a ƙofa. Na kuma tsaya a ginshiƙan tunawa da sojojin Afirka da Indiya da Karebiyan kusa da Hyde Park, waɗanda aka buɗe a 2002. Ruwa ya kore ni.

Yanzu mindar azurfar tana kusa da ta kakana a cikin adaka. Bayan salla zan shiga mota zuwa garin da ke jikinta, in nemi gidan mai unguwa.